Kififiyar da na saki a tabkin mutane

Yau labarin wata ɓarna zan ba ku, wadda na yi da hannuna ina zaton lada nike samu. Na daɗe ina riƙe da labarin a ciki. Yanzu furfura ta fito, na ga gara in faɗe shi, ko wani ya ƙaru.

Ni mutumin Madarunfa ne, a bakin tabki na tashi. Muna yara mun san kififiya sarai. In tabkunan daji sun ƙafe da rani, sai ta binne kanta cikin laka, ta yi shiru kamar ta mutu. Ruwan farko na sauka, sai ka gan ta tana tafiya bisa hanya, kamar daga sama ta faɗo. Mukan kama ta mu zo da ita gida, ta sako mamu wari, mu yi ta dariya. Kakata takan leƙo daga ɗaki ta ce: "Ku maida ta inda kunka ɗauko ta." Mu a wurinmu maganar ba ta da wuya: kififiya ta ruwa ce, a jefa ta ruwa, ko wane ruwa ne. Ban gane sauran maganar tsohuwa ba sai da na kai shekara 50.

A 1990 gwamnati ta tura ni karatun aikin lissafi a birnin Liyon, ƙasar Faransa. Ina da yaya a can, ɗiyar wan babana, tana auren wani ɗan Maraɗi mai aiki a masana'anta. Suna zaune a bene hawa na biyar. Babu tsakar gida, babu ko inda kaza za ta yi tono. Kowace Lahadi can nike zuwa in ci tuwo, in yi Hausa, kewar gida ta ragu. Suna da ɗiya ƴar shekara shida. Da ta ji ƙafata bisa matakala sai ta fito da gudu tana kiran: "Kawu! Kawu!"

Da sallar layya ta 1991 ta zo, na rasa abin da zan ba ta goron salla. Ina wucewa gaban wani kanti da ake sayar da tsuntsaye da kifin ado, sai na ga akwatin gilas cike da ƴan kififiyoyi. Kowace ba ta wuce girman dala biyar ba sai kaɗan. Kore shar, da jan zane a bayan kowane ido, kamar an ɗiga mata lalle. A shekarun nan telebijin na nuna wani wasan zane na kunkura huɗu masu faɗa, kowane yaro na son nashi. Mai kantin ya ce mani: "Ba ta da wahala. Ba ta kuka, ba ta cin abinci da yawa." Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Na saya, har da kwanon roba mai ɗan iccen dabino na roba a tsakiya. Raina ya ce: yarinyar nan ba ta taɓa ganin Madarunfa ba, to ga ɗan abu daga irin rayuwarmu.

Murnar da yarinyar ta yi ba ta faɗuwa. Amma abin da mai kanti bai faɗa mani ba, shi ne girma. Shekara guda, kwano ya yi mata kaɗan, anka koma bokiti. Daga bokiti anka sayi akwatin gilas. Shekara huɗu na cika, ta kai tsawon tafin hannuna har da yatsu. Koren nan mai kyau ya dushe. In an canza ruwa yau, jibi ɗaki ya ɗauki wari. Ran nan ta ciji yatsan yarinyar har jini ya fito. Yayata ta kira ni ta ce: "Ƙanena, kai ka kawo ta, kai za ka san yadda za ka yi da ita kafin ka koma gida."

Na koma kanti, mai kanti ya ce ba ya karɓar babba. Mijin yayata ya ce a kashe ta a huta. Na ce a'a, ba za mu ɗauki alhakinta ba, ruwa za mu kai ta. Wata Lahadi cikin Yunin 1995 munka shiga motarsa, munka yi gabas da Liyon, cikin ƙasar Izer. Bayan tafiyar kamar awa guda munka samu wani tabki a gefen ƙauye, mai kyauro da bado, shiru, ba kowa. Can tsakiyar ruwa akwai gungumen icce. Bisa gungumen na hangi kififiyoyi huɗu ko biyar, baƙaƙe, da ɗigo-ɗigon rawaya a wuya. Tun muna nesa sunka ji motsinmu, sunka faɗa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ma yarinyar: "Kin gani? Ga ƴan'uwanta nan suna jiran ta." Na aje tamu a bakin ruwa. Ko waiwaye ba ta yi ba. Yarinyar ta fashe da kuka, na ce: "Yi shiru ɗiyata, ƴanta ta munka yi, lada munka samu." Na koma Nijar da farin ciki.

Shekara 17 sunka wuce. A 2012 na koma Liyon bikin auren yarinyar. Ana gobe ƙunshi ta ce: "Kawu, zo in nuna maka wani abu." Ta kai ni babban lambun birni da ake ce ma Tet Dor. A cikin lambun akwai wani kududdufi da anka kewaye. Da na leƙa, sai na ga kififiya bisa kififiya, ɗaruruwa, wata ta hau bayan wata, duk da jan zane a bayan ido. An tanadi wurin ne don waɗanda sunka gaji da nasu su kawo, maimakon su sake su a daji. Ta dube ni ta ce: "Kawu, baƙaƙen nan da munka gani bisa gungume, ba ƴan'uwanta ba ne. Masu gida ne. Kishiya munka kai masu." Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ran nan na san gaskiya ne.

Daga nan na shiga tambaya da karatu. Ga abin da na samu.

Wadda na saya, Faransawa na ce mata kififiyar Fulorida, amma asalinta kwarin kogin Misisipi ne, a kudancin Amurka, har zuwa arewa maso gabashin Meksiko. A jihar Luwiziyana ana kiwon ta a manyan gonaki kamar yadda ake kiwon kaji. Da can yaran Amurka ake sayar ma. To, tana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna salmonela, mai sa zawo da masassara, yara kuwa ba su rabo da kai hannu baki. Saboda haka a 1975 gwamnatin Amurka ta hana sayar da duk kififiyar da ƙoƙon bayanta bai kai santimita 10 ba. Amma a cikin ƙasarta kawai ta hana. Masu gonaki sai sunka juya ga ƙasashen waje. Daga 1989 zuwa 1997 an fitar da fiye da miliyon 52 daga Amurka. Faransa kaɗai ta sayo fiye da miliyon 4 tsakanin 1985 da 1994. Tawa ɗaya ce daga cikinsu. Da yawa sun mutu tun suna ƙanana a kwanon roba. Waɗanda sunka rayu sun girma, iyaye sun gaji, sun yi abin da na yi. Dabbar kuwa takan yi shekara 30, har fiye.

Baƙar ita ce ƴar ƙasa. Sunanta sistud. Tun kafin a gina Liyon take cikin fadamun Turai. Ƙoƙonta ba kasafai yake wuce santimita 20 ba, nauyinta ba kasafai yake kai kilo guda ba. Mai kunya ce, mai tsoro, da ta ji motsi sai ta nutse. Tamatar sai ta yi wajen shekara 10 kafin ta fara ƙwai, kuma ƙwan ba su da yawa. Mai jan zane kuwa takan kusa santimita 30, takan wuce kilo biyu. Tana fara ƙwai da wuri, tana yin da yawa, wani lokaci har sau uku a shekara. A ƙasarsu ta saba da cunkoso, don kogunan can cike suke da kififiyoyi iri-iri, ta koyi ture-ture tun tana ƙarama. Sistud kuwa a mafi yawan tabkunan Faransa ita kaɗai ce, ba ta taɓa sanin kishiya ba.

Za ku ce, to tabki ai babba ne, a kan me za su yi faɗa? A kan rana ne. Mu mutanen Sahel rana ta ishe mu, inuwa muke nema. Can kuwa rana dukiya ce. Kififiya ba ta da ɗumin jiki nata na kanta, kamar ƙadangare take. Da hunturu takan kwanta cikin laka a ƙarƙashin ruwa wata da watanni, ba ci. In sanyi ya ja baya sai ta fito a rame, ta nemi gungume ta sha hantsi. In jikinta bai yi ɗumi ba, abinci ba ya narkewa, ƙwai ba ya ƙosawa a cikinta, cuta na samun ta da sauƙi. Kuma ba kowane wuri ne ke yi ba. Tana son gungume mai ruwa ta kowane gefe, inda rana ke bugawa, inda za ta faɗa ruwa mai zurfi in ta ga haɗari. Irin wannan wuri kaɗan ne a kowane tabki. Wanda ya rasa shi ya rasa lafiya.

Wasu malamai biyu na jami'ar Liyon, Antoine Cadi da Pierre Joly, sun gwada abin a tabkunan gwaji. A wasu sunka zuba sistud kaɗai, a wasu sunka haɗa ta da mai jan zane. A 2003 sunka bayyana cewa baƙuwar ke kame wuraren shan hantsi masu kyau, ƴar ƙasa ta koma raɓe-raɓe inda bai kai ba. A 2004 sunka ƙara bayyana cewa a tabkunan da anka haɗa su, sistud na ramewa, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinta. Ba cizo, ba jini, ba a jin ƙara. A hankali ƴar ƙasa ke ƙarewa. Wasu malaman kuma sun gano tsutsotsin jikin kififiyoyin Amurka sun koma jikin na Turai. Da farko an yi zaton sanyi zai hana baƙuwar haihuwa. Sai ga shi an tarar da ƙwanta na ƙyanƙyashewa a daji a kudancin Faransa. Mun saba cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wannan baƙuwa dai ba raɓa ba ce, hantsi bai ɗauke ta ba.

Amma a faɗi gaskiya, ba ita kaɗai ta kada sistud ba. Tun kafin ta zo, mutane sun tsotse fadamu sun maida su gonaki. Sun shimfiɗa hanyoyin mota tsakanin tabki da tudun da tamatar ke zuwa ƙwai, motoci na take ta. Garmar inji na fasa ramin ƙwan, tarun masunta na nutsar da ita. Shi ya sa tun 1979 dokar Faransa ta hana kama ta ko kashe ta. Baƙuwar ta tarar da mai gida a kwance ne, ta ƙara mata ciwo.

Hukuma ta farga, amma a makare. A 1997 Tarayyar Turai ta hana shigo da mai jan zane. Ƴan kasuwa sai sunka koma shigo da ƴar'uwarta mai rawayan ciki. Sai a 2016 anka sa dangin duka cikin jerin halittun da anka hana sayarwa, da kiwo don haihuwa, da saki a daji. Yanzu ana kashe kuɗi da ƙarfi ana kafa tarko a tabkuna ana kamo su. A wani gefen kuma ana lallaɓar sistud. A ƙasar Biren, mai tabkuna fiye da 2000, har yau tana nan da yawa. A tabkin Burje inda ta ɓace ƙaf, a 2000 anka fara maido ta. Saki ɗaya minti guda ne. Gyaransa shekaru ne, kuma har yau ba a gama ba.

Bayan biki na roƙi mijin yayata ya maida ni tabkin nan. Munka same shi yadda yake, kyauro da bado. Na zauna da hantsi ina kallo. Akwai gungume a tsakiyar ruwa, bisansa manya uku, sun miƙe ƙafafu, jan zanensu na ƙyalli. Na daɗe ina neman baƙa. Can na hango guda ɗaya a gefe, bisa karyayyen kyauro, rabin jikinta a ruwa, inuwar icce ta rufe ta. Ko tawa na cikin ukun nan, ko babu ita, duk ɗaya ne. Hannu irin nawa ya kawo su.

Wani tsoho Bafaranshe na zaune kusa yana kamun kifi da ƙugiya. Ya ga abin da nike kallo, ya ce: "Baƙi ne. Sun zo sun kori ƴan ƙasa." Maganar na fita bakinsa sai ya dube ni, ya ga baƙar fata, ya ga hula. Kunya ta kama shi, ya fara in-ina. Na yi murmushi na ce: "Tsoho, kada ka damu. Ni da ƙafata na zo. Su kuwa a kwali anka zo da su." Sannan na daure na ce: "A 1995 ni na saki ɗaya a nan." Ya yi shiru, ya jawo zarensa, ya sake jefawa. Can ya ce: "Ni biyu na saki. Na jikana ne." Munka zauna mu biyu, baƙo da ɗan gari, laifinmu ɗaya, ba wanda ya ƙara magana.

Na tsaya a kan wannan don na yi shekara biyar ina baƙo a ƙasar mutane, na san zafin kalmar. Akwai masu ɗaukar labarin kififiya su yi ma baƙin mutane habaici da shi. Wannan kuskure ne. Mutum da mutum halitta ɗaya ce. Baƙon mutum yakan yi sallama, a faɗa mashi dokar gari ya bi, a matsa mashi bisa tabarma, gobe shi ma ya matsa ma wani. Waɗannan kuwa halitta biyu ne dabam, kowace da ƙasarta da yanayinta, teku ya raba su tun fil azal. Ba wanda zai zaunar da su ya ce su raba gungume. Mai jan zane ba ta da laifi, cikinta take nema kamar kowa. A Misisipi ita ma ƴar ƙasa ce. Laifin na mai gona ne da ya cusa ta a kwali, da mai kantin da ya ɓoye girmanta, da ni da na saya ban tambaya ba, na saki ban tambaya ba.

Kada mu ce wannan matsalar Turawa ce, ba ruwanmu. Duk wanda ya tsaya bisa gadar Yamai ya ga irin kainuwar nan mai fure shuɗi-shuɗi da ke rufe kogin Isa. Asalinta Amurka ta Kudu ne. Saboda kyan furenta mutane sunka yi ta ɗaukar ta daga ƙasa zuwa ƙasa suna sa wa a kududdufin ado. Ku tambayi masunta da masu kwalekwale yadda take masu. Ita ma da hannun masu son abu mai kyau ta fara tafiya. Yau kuma a manyan garuruwanmu ana sayar da kifin ado da tsuntsayen waje da shuke-shuken da kakanninmu ba su sani ba.

Saboda haka ga shawarata, ta wanda ya riga ya faɗa rami. In yaro ya nuna maka wani abu mai rai ya ce a saya mashi, kafin ka sa hannu aljihu ka tambaya: daga wace ƙasa yake? Ina girmansa zai tsaya? Shekara nawa zai yi? In mun gaji da shi, wa zai karɓa? In babu amsa, saya mashi ƙwallo. In kuwa ka riga ka saya, ya zama amana a wuyanka har ƙarshen ransa. Kada ka kai shi tabki ko gulbi ka ce ka ƴanta shi. Ka nemi ma'aikatan gandun daji ka yi shawara da su. Tausayi abu ne mai kyau, amma in ba sani a tare da shi, wani ake cuta. Ni na tausaya ma wadda ke hannuna, na manta da waɗanda ke bisa gungume.

Da daminar bara jikana ya shigo gida da kififiya a cikin rigarsa. Na ce: "Ina ka samo ta?" Ya ce a ɗan tabkin bayan gonarmu. Ya yi wasa da ita har la'asar, sannan ya ce zai je ya jefa ta babban tabki, don ya fi kusa. Wataƙila da ba abin da zai faru, tunda duk ƙasarta ce. Amma na ɗauki sandata na ce: "Taso mu tafi." Munka taka har bayan gona, ƙafafuna na ciwo, yana ta ƙunƙuni. Ya nuna mani wurin, ya aje ta, ta shige cikin laka. A hanyar komowa ya ce: "Kaka, ruwa ai ruwa ne." Na ce: "Ni ma da haka na zata." Sannan na faɗa mashi abin da kakata ke faɗa mamu: a maida ta inda anka ɗauko ta.

Allah ya yafe mamu abin da munka ɓata da sani da wanda munka ɓata da rashin sani. Wasalam.